Romon Jego da Laimar Tsoho Maogen

Gari bai gama wayewa ba na yanka agwagwar. Tsohuwa ce wadda ta daina ƙwai, irin wadda ake nema wa mai jego, don budurwar agwagwa ba ta da abin da za ta ba romo. Sulan, matar ɗana Yunhai, tana sati na biyu da haihuwa, kuma tun ranar da aka sallamo ta daga asibiti uwarta ta ɗauro kayanta ta tare a gidanmu, wai ta zo taya ni aiki. Taimakon nata shi ne ta ja kujera bakin murhu ta zauna tana gaya mini yadda ake yi a garinsu.

"Mu a wajenmu ba a cika citta haka."

"To ai nan ba wajenku ba ne, uwar Sulan. Miƙo mini almakashi."

"Ke dai ba a gaya miki gaskiya."

"Ana gaya mini mana. Bayan an ci abinci."

Laimar kwaɗin da zan dafa agwagwar da ita ba ta kasuwa ba ce. Yanzu kusan kowane gida a yankinmu yana noman laimar itacen shayi a cikin leda, a ƙarƙashin rumfa, ana lodinta a manyan motoci. Mijina Maogen ya raina wannan, yana cewa ɗanɗanon leda take yi. Tasa ta dutse ce, wadda ke tsirowa da kanta a kututturan tsofaffin itatuwan shayin da muke matse mai daga 'ya'yansu. Bayan ruwan kaka ya hau da kwandonsa ya tsinko, ya shanya a faifan gora har ta bushe ƙayau, ya ɗure a buhu ya rataye a saman ɗaki, ya ce duk wanda ya taɓa sai ya karya masa hannu, ta mai jego ce. Lokacin cikin Sulan bai ma gama fitowa ba.

Busasshiyar laima tana da dokokinta. Ruwan ɗumi take so, in ka zuba mata tafasasshe ƙamshin ya gudu. In ta jiƙu ta saki jiki, sai ka kama damƙa guda, ka daidaita gindinsu, ka datse da almakashi, don gindin tauri gare shi kamar ice. Ruwan da aka jiƙa ta kuwa ba a zubarwa, tacewa ake a juye a tukunya, can duk daɗin yake. Haka na yi a safiyar nan, cikin duhun madafi, kunnena ɗaya yana wajen uwar Sulan. Guntayen gindin na watsa su a wani kwano na ture gefe, in ba kaji daga baya. Agwagwa da citta da jar magarya da laima suka shiga tukunyar ƙasa, na rage wuta.

"Kin jefa tafarnuwa?" in ji ta.

"Na jefa."

"Ban gani ba."

Na ɓare wasu na ƙara a kan idonta, don a zauna lafiya. Haka ake yi da laimar dutse tun kakanni: a jefa tafarnuwa, in ta yi baƙi akwai dafi. Sannan wanda ya tsinko shi zai fara ci, a kunna turaren tsinke, kowa ya jira. In turaren ya cinye mutum yana zaune daram, sai a raba wa sauran gida.

Da hantsi ƙamshi ya cika gidan, sai ga Maogen ya shigo yana shinshina kamar tsohon kare.

"Tsohuwa, cika mini da laimar. Ai ita yarinyar romo kawai za ta sha."

Gaskiyarsa, mai jego ba ta tauna abu mai tauri, kada haƙoranta su yi girgiɗi. Na tsame masa laimar na cika kwano. Ya kunna turaren a teburin kakanni, ya zauna ya cinye tas har da lashe tsinkayen cin abinci. Turare ya ƙare, ya bugi ƙirji ya ce, "Ga ni nan, ko gezau." Uwar Sulan ta leƙa tukunya ta ga tafarnuwa fara sol, ta gyaɗa kai kamar ita ta yi girkin.

Ni dai a raina ban taɓa dogara da tafarnuwa ba, ban taɓa dogara da turare ba. Idon Maogen na dogara da shi. Daga ƙauyukan da ke bayan dutse ake kawo masa laima naɗe a ganye ya duba, ya juya ta a rana sau ɗaya ya ce a ci ko a zubar, kuma ba a taɓa jin ya kuskure ba.

Da tsakar rana na kai wa Sulan. Ɗakin a rufe ruf, ko'ina an toshe, tana zaune a gado da hular ulu da safa. Ta shanye kwano guda ta ce, "Mama, akwai saura?" Raina ya yi fari, na ƙaro mata. Uwarta na gefe tana cewa, "Sha, sha, yau nono zai zo kamar famfo." Maogen yana bakin ƙofa an ɗora masa jaririyar a hannu, yana ta faɗin abin da yake faɗa kullum, wai hancin babansa ne sak.

Da na gama wanke-wanke na ɗauki kwanon guntayen na fita tsakar gida in watsa wa kaji. Rana ta take, haske ko'ina. Har na ɗaga hannu, sai idona ya faɗa kan wani guntu da ɓawon ice a manne a ƙarƙashinsa. Wannan ba abin mamaki ba ne, laima takan taho da ɗan abin da ta tsiro a kai. Amma ɓawon itacen shayi sumul yake. Wannan ja ne, yana ɓarewa falle-falle. Na murza shi na kai hanci, na ji ƙamshin ƙaro. Ɓawon sung ne, itacen nan mai ganye kamar allura.

Na fasa watsawa. Laimar itacen shayi ba ta fitowa a jikin sung, wannan ko yara sun sani. Abin da ke fitowa a ruɓaɓɓen sung wata ce daban, ƙarama, launinsu ɗaya, in sun bushe kuwa ba mai raba su. Muna ce mata mai haƙuri.

Na durƙusa na juye kwanon a kan dutse ina tonawa da yatsa, kaji suna kawo cafka ina korarsu. Na sami na biyu. Na sami wani kuma, siriri, cikinsa rami. Daga nan na daina nema. Gindin ne kawai a hannuna, jikin yana cikin tukunya tun da sassafe, har da ruwan da na jiƙa shi.

Shekarar da aka kawo ni gidan nan amarya, mutanen gidan Rao da ke tsallaken rafi suka ci mai haƙuri da yamma. Suka kwana lafiya lau. Sai washegari amai da zawo suka kama su, kamar za su amayar da hanjinsu. Daga nan suka warke. Rao ya tashi ya ci tuwon shinkafa, ya saɓi fartanya ya fita gona, mutane suna yi masa barka a hanya. Bayan wannan ranar ne idanunsu suka yi ɗorawa, suka fara sambatu, aka fitar da akwatunan gawa daga gida ɗaya a sati ɗaya. Ina cikin matan da suka je gyara gidan. Ni na wanke tukunyar, kuma na ga tafarnuwar da ke ƙasanta fara ce tas.

Kukan jaririyar ne ya dawo da ni. Ban san lokacin da na tsallake tsakar gidan ba. Na banko ƙofa na tarar Sulan tana ɓalle maɓallin riga, na fizge yarinyar daga cinyarta.

"Mama, lafiya? Yunwa take ji."

"Ba za ta sha ba. Tashi, asibiti za mu."

Uwar Sulan ta miƙe tsaye. "Wane asibiti? Kin haukace? Rufe ƙofar nan, iska na shigowa!"

"Akwai mai haƙuri a cikin romon."

Na buɗe hannu na nuna mata. Ta duba, ta dube ni, ta ja tsaki.

"Ɓawon ice! Saboda ɓawon ice za ki fitar da mai jego titi? Ko bakin ƙofa ba ta takawa sai wata ya cika. In iska ta shiga ƙashinta, ke za ki ɗauke mata ciwon kai da ciwon gwiwa har tsufanta?"

"In ta kai tsufan, ta zo ta zage ni."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Ta fita fuu, ta dawo da tafarnuwar a ludayi ta tura mini a fuska. "Duba! Fara ce ko baƙa? Ga mijinki can ya ci tun hantsi, turare ya ƙare, yana zaune yana sakace. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ba da 'yata za ki gudu ba."

"Na ga farar tafarnuwa a gidan da aka binne kowa."

"A zamanin da. Kowace tsohuwa da labarinta."

Sulan tana kallonmu, fuskarta shar, kumatunta har da ɗan ja saboda zafin romon. Wannan ne ya fi komai tsorata ni. Da tana murƙususu da ba wanda zai yi mini gardama. Lafiyarta lau, abin yana ciki yana aikinsa shiru, kuma duk maganar da muka yi ƙara masa lokaci muke.

Hayaniyar ta jawo Yunhai daga bayan gida, hannunsa duk baƙin mai, babansa na biye da shi. Ɗana mutum ne mai sanyi, in mata biyu suka sa shi a tsakiya sai ya rasa inda zai sa ido. Ya saurari wannan ya saurari waccan, ya juya ga uban.

"Baba, kai ka tsinko. Me ka ce?"

"Tun ban kai tsayin kwando ba nake hawa dutsen nan," in ji Maogen. "Ban taɓa kai hannu jikin sung ba. Uwarka ce tsufa ya fara taɓawa."

Uwar Sulan ta tafa hannu. "To kin ji. Mai abu ya yi magana."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai ce in kawo ya gani ba. Mutumin da in ka zo da laima tun daga nesa zai fizge ya juya ta a rana, ga shi a tsaye hannuwa a baya. Yana fuskantata, amma idonsa yana kan bangon da ke gefen kunnena. Nan take abubuwan da na yi ta gani duk lokacin sanyin nan suka taru mini wuri guda. Yadda yake sa yatsa a bakin kofi in zai zuba shayi. Yadda in baƙo ya shigo ba ya kiran sunansa sai ya yi magana. Ƙugiyar kamun kifinsa da ya ce ya gaji da ita. Duk na ɗauka rigimar tsufa ce.

Na san abin da zan yi masa a gaban surukarsa da ɗansa, na kuma san a wajen Maogen gara mari da shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙa wa Yunhai jaririyar. Na damƙe guntayen a hannun hagu, na buɗe tafin hannun dama, ba komai a cikinsa, na kai gaban fuskarsa.

"To duba, tsoho. Wanne ne na sung a cikin nan?"

Ya sunkuyo. Ya ƙanƙance ido, ya karkata kai kamar yadda yake yi tun muna da ƙuruciya. Ya ɗauki lokaci yana kallon tafin hannuna, sannan ya miƙe.

"Duk na shayi ne."

Ɗakin ya yi tsit, har jaririyar ta ɗan tsagaita. Ludayin da ke hannun uwar Sulan ya sauka a hankali. Yunhai ya ce, "Baba."

"Me ya faru?" in ji Maogen. "Me kuka yi shiru?"

Na kamo hannunsa na zuba masa guntayen. "Wancan hannun ba komai a cikinsa. Ga su nan."

Ya murza ɗaya tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Ya laluba bayansa ya sami bango ya jingina.

"Gungume ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Akwai wani gungume da ruwa ya gangaro da shi tsakanin kututturan. Na ji laima a hannuna, na tsinka."

"Tun yaushe, tsoho?"

"Tun kafin kaka. Kamar ana hura mini hayaƙi a ido, kullum ƙaruwa yake. Na ce hannuna ya san hanya." Ya juya inda yake jin numfashin jaririyar. "Ita ma wannan ban taɓa ganin fuskarta ba."

Sai kuma ya daka tsawar da ban ji irinta ba tun Yunhai yana satar lemu a gonar mutane.

"Kai, tsayuwar me kake yi? Tayar da mota!"

Uwar Sulan ta buɗe baki, "Amma iska..." Sulan ce ta katse ta. Ta riga ta sauko da ƙafafunta daga gado.

"Inna, miƙo mini babbar rigata."

Muka naɗe ta da barguna har ido kawai ake gani, muka sa ta a bayan mota tsakanina da uwarta. Uwar tana ta cusa tsumma a gefen gilashi tana kuka, tana kiran sunayen kakanninta. Ni na rungume jaririyar, buhun sauran laimar yana ƙarƙashin ƙafata, guntayen a ƙulle a gefen ɗankwalina. Hanyarmu zuwa cikin gari kwana ce a kan kwana, ga manyan motocin laima a gaba suna tafiyar hawainiya. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana cusa baki a ƙirjina, nonon uwarta kuwa ya jiƙa bargo. Ban sani ba ko dafin yana bin nono, ban kuma yarda in gwada ba.

"Ya kike ji, Sulan?"

"Lafiya lau, Mama."

Na tambaye ta haka ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin amsar ɗaya ce. Ina ta leƙa farin idonta, alhali na san da sauran lokaci kafin ya nuna.

Maogen yana gaba, har muka hango gadar shiga gari. Ya juyo rabi ya ce, "Tsohuwa, in mun je kada ki raba musu hankali. Su ji da Sulan tukuna."

"Rufe mini baki," na ce. Ai ban manta wanda na cika wa kwano da laimar ba.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba ta girmi Sulan ba. Na kwance ɗankwali na nuna mata guntayen, na gaya mata abin da muke kiran abin a wajenmu. Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi lokacin da aka sha, ta zazzage buhun a tire ta ɗauki hotonsa ta aika wa wani masani, kafin in ankara an tura Sulan ciki. Suka wanke mata ciki, suka ɗura mata wani baƙin ruwa kamar gawayi, suka rataya mata ruwan jijiya.

"Gara da ba ku jira amai ba," in ji likitar. "Yawanci sai an makara ake kawo mana su. Akwai wanda ya ci bayan ita?"

"Kafin ita," na ce, na nuna Maogen. "Tun hantsi. Shi laimar ma ya ci, kwano guda."

"Lafiyata ƙalau," ya ce. "Ku ji da mai jego."

Likitar ta dube shi, ta dube ni. Ta ɗaga murya ta kira a kawo gado. Wannan kallon nata har yau in na rufe ido ina ganinsa.

Rana na shirin faɗuwa abin ya kama shi. Na san amai, na yi renon yara, na yi jinyar iyaye, amma ban taɓa ganin irin wannan ba sai a gidan Rao. Jikinsa ya lanƙwashe, zufa ta wanke shi, ruwa kawai yake fita ta sama da ta ƙasa. Uwar Sulan ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, hannunta a baki. Can ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga, ta karɓi tasar daga hannuna.

"Je ki ba jaririyar madara," ta ce. "Ni zan riƙe."

Tun daga ranar ba ta ƙara gaya mini yadda ake yi a garinsu ba.

Sulan ta yi nata aman washegari, amma bai yi tsanani ba. Kowace safiya sai a ɗebi jininta, ni kuma in tsaya a baranda har a dawo da sakamako. Jaririyar ta koma madarar gwangwani, tana sha tana ɓata rai. A safiyar da likitar ta fito tana murmushi ta ce hantar Sulan ta jure, abin ya fara sauka, sai da na zauna a ƙasa. Uwarta ta rungume ni, mu biyu tsofaffi muna kuka a kan siminti, masu wucewa suna kewaye mu.

A wannan safiyar dai, da na shiga ɗakin Maogen, na tarar da shi zaune. Aman ya tsaya. An goge masa fuska, yana ta tsokanar mai jinyar da ke canza masa ruwa, wai hannunta ya fi na matarsa taushi.

"Tsohuwa, ke ce? Yunwa nake ji. A samo mini kunun shinkafa, da ɗan gishiri."

Yunhai ya fita baranda da waya yana gaya wa dangi Baba ya warke. Uwar Sulan ta ruga neman kunu, takalminta ɗaya a hannu. Kowa a ɗakin fara'a yake. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa, don na san wannan warkewar. Ta gilashi na hango likitar ta tare Yunhai, tana riƙe da takarda, ina jiyo ta tana maganar motar da za ta kai uban babban asibitin birni. Na ga wayar ta sauka daga kunnensa.

"A kawo mini jikata," in ji Maogen.

Sulan da kanta ta kawo ta, tana takawa a hankali, hular ulunta a kai. Ta ɗora masa ita a hannu. Wannan karon bai yi kamar yana kallo ba. Ya sa yatsa ya bi goshin, ya bi girar, ya sauko kan hancin ya tsaya.

"Ash, ashe ƙarya na yi ta yi wa babana. Wannan hancin naki ne, tsohuwa. Kaico, yarinya."

Sulan ta yi dariya, mai jinyar ma ta yi. Na matso kusa da gadon. Hasken taga yana kan fuskarsa, kuma farin idonsa ya fara ɗorawa, irin launin man da ke tasowa a kan romon agwagwa.

Ya jira sai da Sulan ta juya tana gyara zanen goyo, sannan ya laluba ya kamo bakin rigata ya jawo ni. Shi ma yana nan a shekarar can, yana cikin samarin da suka ɗauki akwatunan gawar gidan Rao suka haye rafi da su.

"Tsohuwa," ya ce a hankali, "yau ce ranar da Rao ya fita gona, ko?"

Na kama hannunsa. Ya gyaɗa kai kamar na amsa.

"Sulan fa? Da gaske ta tsallake?"

"Ta tsallake."

"To." Ya gyara wa jaririyar kwanciya a hannunsa, yatsansa ya koma kan hancin. "Na jiyo maganar motar birni. Ki ce wa masu ita su ɗan dakata. A bar mini ita tukuna."